Ido ne ko kyamara? Ina neman shawara kafin in ɗauki adashe

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai ga ni da tawa. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Hoto sha'awa ce kawai a wurina, ban taɓa karɓar ko sisin kwabo a kansa ba. Shekara shida ke nan ina amfani da Canon 600D da na saya ta hannu, da gilashin da ta zo da shi, 18-55. Duk Asabar nakan shiga cikin birni in ɗauki tsofaffin soraye da zanen bango da masu ɗinkin hula a bakin zaure.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. A hawan sallar da na halarta na ƙarshe, na samu wuri kusa da masu hoto, sai wani matashi mai kyamara biyu rataye a wuya ya dubi tawa ya ce, "Malam, da wannan za ka ɗauki doki?" Na yi shiru. Da na koma gida kuwa na tarar fiye da rabin hotunan dawakin sun yi dishi-dishi, fuskokin mahayan kuma sun yi duhu. Bayan mako biyu na nuna wa wani abokin aikina hoton wani dattijo mai aikin babbar riga, wanda sai da na yi zuwa uku wurinsa kafin na samu yadda nake so. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan kyamara taka ta iya hoto."

To kun ji. Wanda ya lalace an ce laifin kyamara ne, wanda ya yi kyau an ce aikin kyamara ne. Ni ina nawa a ciki? Watan gobe ne ɗaukar adashena, kuma zuciyata tana raya mini in haɗa da ɗan abin da na tara in sayi irin sababbin kyamarorin nan da ake kira marasa madubi. Uwargida ta tambaye ni me sabuwar za ta ƙara mini, na kasa ba ta amsa. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da hoton biki nake ci da iyalina, don haka ba zan yi maka daɗin baki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. 600D kyamarar 2011 ce. Tana ɗaukar hoto ƙasa da huɗu a daƙiƙa, wuraren da take saita hoto a kansu ya fito sarai tara ne kacal. Sababbin nan suna kama idon mutum su bi shi duk inda ya juya, ko yana gudu. Masu cewa kayan aiki ba komai ba ne, ka bincika, yawancinsu da masu tsada suke aiki. In kana da hali ka saya.

Bazazzagiya:
Yaya Ɗan Fagge, kai aikin kuɗi kake yi, shi kuma Malam ya ce Asabar kawai yake fita. Ai ba ciwo ɗaya kuke da shi ba balle a ba ku magani ɗaya.

Tsohon Mai Hoto:
Ɗana Malamin Tudun Wada, kafin mu shiga maganar saye, buɗe ɗaya daga cikin hotunan dawakin nan a kwamfuta ka duba bayanansa. Ka faɗa mana a wane sauri kyamarar ta ƙifta, kuma a kan wane saiti ka bar ta.

Malamin Tudun Wada:
Baba na duba. Na bar ta a kan koren saitin nan da take zaɓar komai da kanta. Yawancinsu 1/125 na daƙiƙa ne, wasu 1/160. Da yamma ne, rana ta yi sanyi.

Tsohon Mai Hoto:
To alhamdu lillahi, ga ɓarawon nan mun kama. Dokin da ya zaburo don jafi ba a tsayar da shi da 1/125, ko da kyamarar wa za ka ɗauka. Kana buƙatar 1/1000 ko sama da haka, kuma taka tana kaiwa har 1/4000. Ka mayar da ita kan Tv, saitin da kai ne ke zaɓar saurin ƙiftawa, ka sa 1/1000, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa 800 ko 1600 tunda yamma ce. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma dokin zai tsaya cak, har ƙurar da kofatonsa ya tayar za ka gani.

Duhun fuska kuma ga dalilinsa. Ma'aunin hasken da ke cikin kowace kyamara an gina shi ne ya mayar da abin da ya gani zuwa toka-toka, tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi. Idan ka nuna mata mahayi cikin farar riga da farin rawani, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta koma ruwan toka, fuskar mutumin kuma, da ma baƙar fata ce, ta nutse. Maganinsa ka ƙara mata haske da hannunka, mataki ɗaya, ka kai alamar kan +1, ka duba kada farin rigar ya ƙone. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Mu da muka yi zamanin fim, nadi ɗaya hoto 36 ne. Na fara da Yashica, daga baya na samu Pentax K1000, wadda babu abin da take yi maka da kanta sai nuna allurar haske. Ka ɗauki hoton suna yau, ba za ka san ko ya fita ba sai an kai fim an wanke, wani lokacin bayan kwana uku. In ya lalace ba a sake yanka rago dominka. Wannan tsoron ne ya koya mana kallon haske kafin mu taɓa maɓalli. Har yau in na shiga gida, kafin in gaisa da kowa idona ya riga ya nemo inda haske ke shigowa.

Ɗan Fagge:
Baba, na yarda da gyaran da ka yi masa, gaskiya ne. Amma ka bar ni in kai ka ɗakin taron biki da ƙarfe tara na dare, fitilu masu launi suna juyawa, amarya na shigowa, ƙawaye sun rufe ta. Gilashin 18-55 in ka zuƙo shi ƙarshe f/5.6 yake komawa, wato hasken da yake shigarwa ya ragu. Wace basira ce za ta ƙirƙiro hasken da babu shi? Na taɓa rasa hotunan ɗaurin aure gaba ɗaya saboda katin ajiyar hoto ya mutu, kyamarar kuma ramin kati ɗaya gare ta. Sai da na mayar da kuɗi na haɗa da ban haƙuri, kuma har yau gidan ba su sake kira na ba. Tun daga ranar ban ƙara zuwa aiki da kyamarar da ba ta rubuta hoto a kati biyu ba. Wannan ba maganar ido ba ce.

Tsohon Mai Hoto:
Ban musa ba ɗana. Wanda ya karɓi kuɗin mutane amana ya ɗauka, dole ya nemi abin da ba zai kunyata shi ba. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa.

Mai Tsuntsaye:
Ni ma ina bayan Ɗan Fagge ta wani ɓangaren. Abin da nake so shi ne tsuntsaye, lokacin sanyi nakan je dausayin Haɗeja da Nguru in masu ƙaura daga Turai sun sauko. Na shekara biyu ina fama da ƙaramin gilashi, duk abin da na ɗauko sai ya fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar ruwa. Tsuntsu ba zai bari ka matso ba don kana da basira. Ranar da na samu gilashin 400mm na hannu, mai jawo nesa kusa, na fara ganin idon kirinjijiya. Amma ku lura, gilashi na canza, jikin kyamarar tsohuwar nan ce har gobe. Kuma ko da gilashin, in ban isa bakin ruwa kafin fitowar rana na zauna shiru na awa biyu ba, haka zan dawo hannu rabbana.

Ɗalibin Samaru:
Malam, bari in kawo tarihi kaɗan, don abin da na karanta ne ya hana ni raina wayata. Seydou Keïta na Bamako kafinta ne tun farko. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi Kodak Brownie, wadda kusan akwati ce kawai mai rami. Ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, har zanen gadonsa ya taɓa ratayawa a bayan masu ɗaukar hoto. Yau hotunansa suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Malick Sidibé shi ma da Brownie ya fara a 1956, kuma tun yana yaro ido ɗaya ne ke gani. A 2003 ya karɓi kyautar Hasselblad ta masu hoto, a 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Venis a Italiya, mai hoto na farko da ya samu wannan girmamawa ta aikin rayuwa. A nan gida kuma ga J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya sayi Brownie D a 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara kusan hoto dubu. Kitso fa, abin da kowa ke wucewa ta gabansa kullum bai ɗauke shi abin ɗauka ba.

Ɗan Fagge:
Ƙanena, ka faɗi rabin labari ka bar rabi. Da Brownie suka fara, amma da ita suka ƙare? Hotunan Keïta da duniya ta sani da babbar kyamara ya ɗauke su, mai fim 13 da 18 a santimita. Shi ya sa ake iya buga su su kai tsayin mutum kana ƙirga zaren atamfa. Fim ɗin nan ya ninka sensar kyamarata mai tsada, wato abin da ya maye gurbin fim a cikinta, sau da yawa. Da ya samu hali ai bai zauna da akwati ba.

Ɗalibin Samaru:
Haka ne Yaya, ban ɓoye don wata manufa ba. Amma a zamaninsa akwai wasu masu ɗakin hoto a Bamako da Dakar da irin wannan kyamarar. Me ya sa nasa ne aka ware? Dubi yadda yake karkatar da kafaɗar mace, inda yake sa ta ajiye hannu, yadda zanen bayan yake faɗa da zanen jikinta amma su zauna lafiya. Kuma saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya yake ɗaukar mutum.

Bazazzagiya:
Ku bar ni in shigo da abin da ba na jin maza za su kawo. Ni da waya nake ɗauka, Tecno, ba ma babbar ba. Hoton da na fi ƙauna a duk abin da na taɓa ɗauka na kakata ne, Allah ya jiƙanta. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi tana kaɗi, mazari na juyawa, hasken ya faɗo a kan yatsunta da alli, bayanta kuma jeren tasoshinta na tun aure suna ɗan ƙyalli a cikin duhun ɗaki. Wata huɗu bayan nan ta rasu. Yaya Ɗan Fagge, da kai da kyamarorinka biyu, ko zaure ba za ku wuce ba. In ma an bar ka ka shiga, za ta tashi ta canza zane, ta yafa mayafi, ta ɗaure fuska, shi ke nan hoton ya tafi. Ni ta saba da ni har ta manta ina riƙe da waya.

Rabin rayuwar Bahaushe a cikin gida take: sa lalle, kamu, wankan jego, daka, kitso, tsofaffi da jikoki. Babu kuɗin da zai saya wa mutum izinin shiga nan. Shi ya sa aikin Fati Abubakar ya burge ni. Aikin jinya ta karanta, amma a 2015 ta fara Bits of Borno, tana nuna mutanen Maiduguri suna kasuwa, suna biki, yara suna wasa, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai bam da gawa. 'Yan jaridar waje sun zo da kayan aikin da suka fi nata, amma ita 'yar gari ce, ta san inda za ta tsaya da wanda za ta gaisar.

Malam, dattijon nan mai aikin riga da ka yi wa zuwa uku, a zuwan farko ai da kyamarar nan ka je. Me ya hana hoton fita ranar?

Malamin Tudun Wada:
Malama, kin tambayi abin da ban taɓa tambayar kaina ba. Ranar farko ya ƙi sakin jiki, yana ta kallona. Na biyu mun yi hira sosai, ya nuna mini aska takwas da yake yi a wuyan wata riga, amma na je da azahar, rana ta take, inuwar hularsa ta rufe masa ido. Na uku na je bayan la'asar, na zauna har ya koma kan allurarsa ya manta da ni.

Bazazzagiya:
To ka gaya wa abokin aikinka haka.

Injiniya Kaduna:
Ina son in gyara wani abu don kada a tafi da cewa na'ura ba ta da tasiri ko kaɗan, musamman gare mu masu baƙar fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Ma'ana an auna komai ne da farar fata. Duk wanda ya ga tsofaffin hotunanmu masu launi ya san yadda fuska ke zama baƙi ƙirin, sai ido da haƙori. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da itel kuwa da gangan ya gyara kyamarorin wayoyinsa su fito da baƙar fata, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya mamaye kasuwar Afirka. Don haka Malama, wayarki ta taimaka miki a hoton kaka fiye da yadda kike zato.

Amma maganar megafiksel, wato yawan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, da 'yan kasuwa ke ruɗar mutane da ita, wannan kam a bar ta. Nikon D1 da manyan 'yan jarida suka rungume a 1999 megafiksel 2.7 gare ta, kuma da ita aka cika shafukan farko na jaridu. Taka Malam 18 ce. Don buga hoto mai kyau a girman takardar A4, wajen megafiksel 9 ya isa. In kuwa a WhatsApp za ka tura, shi da kansa zai matse hoton ya zubar da mafi yawan abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ɗan Damagaram:
Sallama gare ku daga Zinder. Ni salula kawai gare ni, ina ɗaukar bangayen unguwar Birni da duwatsunmu. Tambayata ga Baba: lokacin hunturu duk hotona fari fat yake fita, kamar an watsa gari. Laifin salula ne?

Tsohon Mai Hoto:
Ba laifinta ba ne ɗana, hazo ne, ƙura ce a cikin iska take watsa haske. Kada ka ɗauki abu mai nisa a irin ranar, matso kusa. Hazo yana kashe hoton gari amma yana gyara hoton fuska, don babu inuwa mai kaifi. Ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi bayan ka hure ƙurar, kada ka goge da ita a kai, tana karce shi. Masu kyamara kuma kada ku canza gilashi a waje lokacin nan, in ƙura ta hau sensa kowane hoto sai ya fito da ɗigo a sama.

Ɗan Damagaram:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Alhajin Kwari:
Ni ba mai hoto ba ne, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Amma Malam, tambayar uwargidanka ita ce tambaya. Shekara shida kana yawo da kyamara ba ta kawo maka ko kuɗin mai ba, yanzu kuma za ka zuba adashe a kai, ga yadda rayuwa ta yi tsada. In za ka saya, ka saya ka fara zuwa biki da suna, abin ya riƙa biyan kansa. In ba haka ba, a ganina almubazzaranci ne. Ka yi haƙuri da maganata.

Malamin Tudun Wada:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba ka faɗi abin haushi ba, kuma ba kai ne na farko ba. Duk wanda ya gan ni da kyamara tambayarsa ita ce nawa nake samu. In na ce ba na karɓar kuɗi sai a dube ni da tausayi. Amma zan faɗa maka abin da nake samu. Kwana biyar ina tsaye gaban allo da yara fiye da saba'in a aji, ga takardun gyara, ga hidimar gida. Safiyar Asabar ɗin nan ita kaɗai ce tawa. A cikinta na san Zariya fiye da yadda na san ta a shekara talatin da na yi kafin nan. Akwai soraye biyu da na ɗauka waɗanda yanzu babu su, an rushe an yi shaguna da bulo. Jikan mai ɗaya daga cikinsu ya zo har makaranta ya roƙe ni hoton, da na ba shi sai da ya yi hawaye. In na mayar da abin sana'a, Asabar ɗin ta zama ta amarya da ango, ni kuma na koma ina da aiki biyu ba hutu ko ɗaya.

Maman Biyu:
Alhaji, da girmamawa, mutum nawa ne a Kwari ke kiwon tattabaru ko doki ba don sayarwa ba? Wa ya taɓa tambayar mai dokin sallah nawa dokin ke kawo masa, alhali kullum sai ya ci dawa da harawa? Mun yarda da sha'awar da muka gada, sabuwa ce muke ganin ɓata lokaci. Ni saƙa nake yi da kwarashi. Da na fara karɓar aikin mutane sai da na tsani zaren, don kullum ana waya ana tambaya ko an gama. Na daina, na koma yi wa 'ya'yana da jikokin maƙwabta, daɗin ya dawo.

Alhajin Kwari:
Hajiya, maganar doki kin kama ni, don ina da shi. Amma ban taɓa ɗaukar adashe na saya masa sirdi ba, daga rarar kasuwa nake yi masa. Nan ne inda na tsaya.

Maman Biyu:
A nan kam ba mu da saɓani.

Ɗan Fagge:
Tunda an zo nan, bari in fitar da abin da ke cina. Masu sha'awa ku ji daɗinku, ba wanda ya hana. Amma ku daina zuwa bikin 'yan uwa kuna cewa a bar mai hoto za ku ɗauka kyauta. Sau nawa ana fasa aiki da ni saboda wani ƙanen ango ya sayi kyamara. Ku albashi ke jiran ku a ƙarshen wata, mu wannan ne albashin.

Malamin Tudun Wada:
Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sau biyu na yi haka, kuma ina ganin taimako na yi. Na ji wannan, Malam Ɗan Fagge.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a muhawara ta yi kyau, a ci gaba da mutunta juna. Tunatarwa ɗaya tunda an yi maganar ɗaukar mutane: hoton da za a saka a nan, musamman na mata da yara da almajirai, a tabbatar an nemi izini. Mun cire guda biyu a makon jiya saboda haka.

Tsohon Mai Hoto:
Ɗana Malam, ga shawarata, ka ɗauka ko ka bari. Kana Zariya, ka san tsohon ginin Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ƙasa ce da azara, irin wadda kowane magini na lokacin yake da ita. Amma Babban Gwani ma ba zai karɓi ruɓaɓɓiyar azara ba, ya san wadda za ta ɗauki bakan gizo da wadda ba za ta ɗauka ba. Abin da ya sa ya san haka shi ne ya ƙure kayan da ke hannunsa. Kai ba ka ƙure taka ba tukuna, shekara shida tana kan kore.

Ka ba ta wata uku. Ka sauke ta daga kore. Duk hoton da ya kuɓuce maka, ka rubuta a littafi dalilin kuɓucewarsa: na makara, ban matsa kusa ba, hannuna ya girgiza, haske ya gaza. In wata uku suka cika ka ƙirga. Idan mafi yawan layukan sun ce haske ya gaza a cikin zaure, to ka san abin da za ka saya, kuma ba sabuwar kyamara ba ce, gilashin 50mm f/1.8 ne. Yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda naka ke shigarwa a f/5.6, yana narkar da bayan mutum, kuma yana cikin mafi arha a duk gilasan Canon. Sauran kuɗin ka wanke hotunanka ashirin a kati, ka kai wa dattijon nan nasa.

Ɗan Fagge:
A kan 50mm ɗin ba ni da ja, da shi na fara cin abinci. Amma ina nan a kan bakana, ranar da ya riƙe sabuwa ya ga yadda take kama ido, zai ce me ya sa bai saya tun tuni ba.

Mai Tsuntsaye:
Wannan gaskiya ne, kuma jin daɗin riƙe kaya mai kyau shi ma wani ɓangare ne na sha'awar, kada mu yi kamar ba haka ba. In ba bashi zai ci ba, ba abincin gida zai taɓa ba, babu laifi mutum ya so abu mai kyau don kawai yana son sa.

Malamin Tudun Wada:
'Yan uwa na dawo bayan kwana huɗu. Jiya da yamma na je filin da samari ke sukuwa da dawaki, na sa Tv, 1/1000, ISO 800, na ƙara haske mataki ɗaya kamar yadda Baba ya ce. Na ɗauki hoto 60. Guda 41 dokin ya tsaya sarai. A cikin sauran, wasu ni na yanke wa doki ƙafa, wasu kuma kyamarar ce ta saita kan bango ta bar mahayin, wanda na san a nan maganar Malam Ɗan Fagge take. Na rubuta duka a littafi. Akwai guda ɗaya da ƙafafun dokin huɗu duk suna sama, yaron ya ɗaga hannu, fuskarsa ta fito har gumin goshinsa. Na nuna wa uwargida, ta ce in wanke mata shi babba.

Adashen zan ɗauka, amma na gaya mata zan cire kuɗin gilashin 50mm kawai in wata ukun sun nuna shi nake buƙata, sauran a yi kuɗin makarantar yara. Ban ce na haƙura da marar madubi har abada ba. Malam Ɗan Fagge, in na shigo Kano za ka bar ni in riƙe taka ko na rabin awa ne?

Ɗan Fagge:
Ka zo Malam, har wurin aiki sai mu je tare ka riƙe mini fitila ka ga yadda dare yake. Ka taho da littafin nan naka, ina son in ga abin da ka rubuta.

Bazazzagiya:
Malam a saka mana hoton dokin mana, in yaron ya yarda.

Malamin Tudun Wada:
Ban san gidansu ba tukuna, amma an ce kullum bayan la'asar yana filin. Gobe in Allah ya kai mu zan je in tambaye shi. Baba, a irin wannan hasken na yamma, in ina son bayan dokin ya ja kamar iska shi kuma ya fito sarai, sai in rage saurin zuwa nawa?

Tsohon Mai Hoto:
Fara da 1/60. Ka kafa ƙafafunka, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi dokin da ƙugunka ba da hannu ba, kuma kada ka tsaya bayan ka danna, ci gaba da bin sa har ya wuce. Goma na farko duk za su lalace, kada ka goge su sai ka zo mun duba tare.